Teburin Tsofaffin Laraba

Litinin, 4 ga Maris

Yau aka yi wa mijina Rodel addu'a a cocin garinmu, Iloilo. Inna ta turo hotuna, na duba, na ajiye wayar. Ni ina kan teku tsakanin Phuket da Penang, ina raba karta a ɗakin cacan jirgin ruwa.

Daga baya ta kira. "Perlita, tun da aka binne mijinki ko sau ɗaya kin yi masa kuka?" Na ce mata layin ba ya fita sosai. Layin lafiyarsa ƙalau.

Laraba, 6 ga Maris

Tsofaffina sun zo. Tikitin Laraba ya fi arha, ga abinci, ga sanyin na'ura, shi ya sa ba sa fashi. Da jirgi ya bar ruwan Penang aka buɗe ɗakin caca, su ne farkon zama a teburina na ashirin-da-ɗaya, wasan kartar da duk wanda makinsa ya zarce haka ya faɗi, don nan ne kaɗai ake karɓar ringgit ashirin, kuɗin ƙasar.

Goggo Siew Kim, wadda ta tsufa tana sayar da taliya a kasuwa. Kawu Teoh, tsohon direban tasi. Sai Baba Muniandy, ya yi ritaya daga jirgin fito, kullum cikin farar riga da ta sha guga. Ba cin kuɗi ke kawo su ba. Su sa kwandalar roba ɗaya, su yi ta musu a kanta har yamma.

Kawu Teoh yana da sha bakwai ya ce in ƙara masa. Goggo ta ce, "Kai Teoh, duk tuƙin da ka yi a duniya ba ka san inda birki yake ba?" Na ƙara masa, ya zarce. Suka yi ta dariya. Na yi murmushin aiki.

Asabar, 9 ga Maris

Ba komai. Na ci shinkafa, ban ji ɗanɗanonta ba.

Laraba, 13 ga Maris

Goggo ta kalli zoben hannuna ina tattara karta. "Yarinya, mijin naki yana gida?"

Na ce ya rasu. Babur, da motar fasinja, a Disamba.

Ta ce, "Nawa ma ya rasu. Da ma ba ya jin magana." Ta tura mini wainar shinkafa da kwakwa a ganyen ayaba. An hana mu karɓar komai daga baƙi, akwai kyamara a saman kaina. Na ce na gode, na mayar mata. Ta cinye abinta tana hararata.

Lahadi, 17 ga Maris

Madam Rosalind, mai kula da tebura, ta tara mu. Daga wannan makon mafi ƙarancin abin da za a sa a kowane tebur ringgit ɗari ne. Ta ce kujera kuɗi ce, ba za a bar mutum ya wuni a kanta da kuɗin shayi ba. Analyn, abokiyar ɗakina, ta zungure ni. "Yaya, tsofaffinki fa?"

Na ce ba ni na haife su ba.

Laraba, 20 ga Maris

Baba Muniandy ya ajiye ashirin ɗinsa kamar kullum. Na nuna masa sabon allon da ke gefen tebur, na tura masa kwandalarsa da bayan yatsa, yadda aka koya mana. Ya sa tabarau ya karanta, ya daɗe yana karanta lamba ɗaya.

Goggo ce ta yi dabara. Suka haɗa kuɗinsu su uku ya isa na mai wasa ɗaya. Kawu Teoh ya zauna, biyun suka tsaya a bayansa suna ba shi umarni, ita ta ce ƙara, shi ya ce tsaya. "Ni direba ne ko jaki?" in ji Kawu. Ba su jima ba Madam ta zo. Ta ce kujera ɗaya, mai wasa ɗaya, ba a tsayuwa a tare hanya.

Goggo ta dube ni. Ina ganin jira take in ce wani abu. Na gyara karta.

Laraba, 27 ga Maris

Baba Muniandy kaɗai ya zauna. Goggo ta riƙe masa hannun riga tana cewa, "Yaya Muni, taso mu je mu ci abinci, kyauta ne." Ya ce shi ba a taɓa korarsa daga kujera ba, ba kuma yau za a fara ba.

Ya sa ɗari. Na cinye. Ya sake sawa. Ya tashi ya je wurin na'urar cire kuɗi ya dawo, ya sake komawa. Kawu Teoh yana gefe yana ce masa, "Kuɗin fansho ne fa, da na maganinka." Bai ko juya ba. Kafin a kira cin abincin yamma ba abin da ya rage a gabansa.

Ni na raba kartar daga farko har ƙarshe. Yatsuna ba su yi rawa ba, har Madam ta yaba saurina.

Da ya miƙe ya gyara rigarsa ya ce, "'Yata, aikinki kika yi." Na ce Allah ya ba da sa'a wani karon. Abin da muke ce wa kowa ke nan.

Alhamis, 28 ga Maris

Na yi barci sosai. Wannan ma ya kamata ya dame ni.

Laraba, 3 ga Afrilu

Ba su zo ba. Wasu samari daga Johor ne a kujerunsu, suna jefa ɗari biyar biyar, ba wanda ya kalli fuskata. Aiki ya fi sauri haka.

Laraba, 10 ga Afrilu

Ba su zo ba.

Laraba, 17 ga Afrilu

Goggo ta zo ita kaɗai, ba ta zauna ba. Ta tare ni a bakin ƙofa zan tafi hutun rabin lokaci. Ta ce Baba Muniandy ya kwanta asibiti, hawan jini, an sallame shi amma hannun dama ya ƙi tashi. Ɗansa ya gano zancen fanshon ya yi masa faɗa a gaban jikoki. Tun daga nan ba ya son fita, sai sun je sun jawo shi.

"Gobe da safe muna shagon kofi na bayan kasuwar Chowrasta. Jirginku yana tasha har la'asar. Ki zo."

Na ce an hana mu hulɗa da masu wasa a waje, wanda aka kama kora ce.

Ta ce, "Waɗanne masu wasa? Ai kun kore mu." Ta wuce abinta.

Analyn ta ce kada in kuskura, kwantiragina saura kaɗan a sabunta, kuma Madam tana da idanu a gari. Gaskiyarta. Ba zan je ba.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Na je. Takalmi na fita saye, ƙafata ce ta bi ta can.

Suna teburin ƙurya da tsohuwar karta da ta yi laushi don maiƙo, a gaban kowa tarin 'ya'yan kankana soyayyu, su ne kuɗin. Baba Muniandy ya rame. Rigar dai fara ce, amma ba guga. Da ya gan ni ya yi yunƙurin tashi, Kawu Teoh ya danne shi.

Na miƙa hannu zan ɗauki kartar in raba, Goggo ta buge mini hannu. "Nan ba jirginku ba ne. Zauna a raba miki." Tun da na fara wannan aikin ba a taɓa raba mini karta ba. Ban ma san yadda zan riƙe ta ba, sai da Baba ya ce, "Ɓoye mana, 'yata, duk muna gani."

Shi ba ya iya riƙe tasa, sai na jingina masa ita a jikin kofi. Ya ci hannu biyu a jere, ya ce wa Kawu, "Da hannu ɗaya ma na fi ka."

Sai na ga Goggo ta zaro karta daga ƙarƙashin cinyarta. Da idona na gani. Ta kwashe mini 'ya'yan kankanata tas. Ban san lokacin da na buga tebur ba har kofi ya zube. Na ce, "Goggo, wallahi cuta ce! Ɗaga cinyarki mu gani!" Duk shagon aka juyo. Ta ce ita tsohuwa ce, cinyarta ba ta ɗaguwa. Baba Muniandy ya yi dariya har Kawu yana goge masa baki.

Na kusa makara. Madam tana bakin gadar shiga jirgi, ta kalli tabon kofi a rigata, ta ce in same ta a ofis gobe. Ko me za ta ce, oho.

Har yanzu ƙirjina zafi yake yi. A kan 'ya'yan kankana! Analyn ta tambaye ni me ya sami idona, na ce hayaƙin shagon ne. Tsohuwar nan macuciya ce, kuma sai ta biya ni ranar Alhamis.