Zaren Da Kika Yanke

Zuwa ga tsattsewar zuciyata, sanyin idona, Suyan, mai murmushin da ya fi furen tuffa haske!

Gaisuwa daga mai haɗa tsuntsayen takarda, irin waɗanda ake tayarwa sama da zare, na ƙarshen layinku. Walwalata ta tashi ba fuffuke, kamar yadda muke cewa in abu ya ɓace ba wanda ya ga fitarsa. An ce ranar Asabar za ki hau jirgin ƙasa zuwa Harbin, kin karɓi aikin jinya a can. Wayyo Suyan! Da gaske tafiya za ki yi?

Kin tuna ranar sharar kaburbura, da aka fita bakin kogi sakin tsuntsayen takarda? Duk sanyin bana, ina tari ina fere gora, na haɗa miki tsattsewa biyu manne da juna. Wa bai san ma'anarsu ba? Tsuntsayen nan ne na bakin magabata, kowanne da fuffuke ɗaya, ba sa tashi sai sun jingina da juna. Bakina ba ya iya neman aure, shi ya sa na bar takarda ta nema mini. Da suka yi sama na damƙa miki zaren. Kika dube ni, kika ciro almakashi, ƙit! Kika yanke.

Na juya na tafi. Na ɗauka amsata ke nan. Kika zo shago, na ɓuya bayan gora, kika aiko da miyar citta na mayar da ita ko buɗewa ban yi ba. Abokina Dehai har tsiya yake mini: "Malam, dafaffiyar agwagwa ta tashi daga faranti, sai ka lashi cokali!"

Jiya kakarki ta tare ni a kasuwa, ta dungure mini kai. "Kai ɗan nan, kanka ƙwaƙwalwa ce ko ɓawon kabewa? A wace uwa duniya ka girma? Ranar nan ai zare ake yankewa don cuta ta bi iska! Yarinya ta ga tari zai kashe ka, ta sallame shi, kai kuma ka kumbura kamar kwaɗo."

Kaico! Ni da nake sayar wa mutane tsuntsayen da za su yanke, ni ne na manta al'adar. Kina nema mini lafiya, ina karanta ƙi. Ana cewa tsuntsu mai nauyin jiki shi ke sammakon tashi, to ni ga nauyi ga makara. Yanzu kaza ta tashi, ƙwai ya fashe, kuma ni na ture kwandon da hannuna.

Kin san an hana tsintar tsuntsun da aka yanke, wai wanda ya ɗauka ya ɗauki cutar. Tun daga kasuwar na bi gonakin alkama ina tambaya, har na same su maƙale a bishiya, ruwa ya cinye fuffuke ɗaya. Na ɗauko su, Suyan. Tarin ya dawo in ya ga dama, ya fi mini sauƙi a kan tafiyarki ta Asabar.

Ga guntun zaren nan cikin wasiƙar. Ragowar tana hannuna, kuma zan tsaya da ita a bakin kogi ranar Juma'a. In kin zo, mu ƙulla. In ba ki zo ba, ba zan ƙulla shi da na kowa ba.

Naki har ƙarshen numfashi, mai fuffuke ɗaya,
Tingbo