Rubutun da ke Ƙasan Hoton Baba

Unguwar Rimi, Kaduna
4 ga Maris, 2024

Zuwa ga Malama Ngumimi Tyav,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali. Ni ce Zaituna Jafaru. Ina da lambar wayarki, amma na san halina, in na kira ki faɗa zan yi kafin in gama magana. Shi ya sa na rubuta na ba direban motar Lafiya.

Na shigo garin Lafiya makon jiya don bikin 'yar wata ƙawata. Afra'u, 'yar ƙanena Sha'aibu, ita ta matsa sai na je Bukan Sidi na ga yadda aka mayar da tsohon shagon hoton Baba gidan tarihi. Ba ki nan, an ce kin je Shabu. Na rubuta sunana a littafin baƙi kamar kowa, na shiga.

Ba zan ɓoye ba, aikin ya yi kyau. Na ga tsohuwar kasuwa, na ga tashar jirgin ƙasa lokacin da take cike da mutane, na ga kyamarar Baba mai ƙafa uku cikin gilashi. Sai na ɗaga kai na ga babban hoton da ke fuskantar ƙofa. Baba a tsaye, hannunsa a kafaɗarki, kina dariya. A ƙasa an rubuta: "Malam Jafaru mai hoto da 'yarsa, 1983."

Ina tsaye a wurin wani malami ya shigo da ɗalibansa. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Wannan 'yarsa ce, ita ke riƙe da gidan yanzu." Har ya ce in ɗan matsa yara su gani. Na matsa.

Na zagaya ɗakunan nan uku ina ƙirgawa. Fuskarki ta fito sau goma sha ɗaya. Tawa ko sau ɗaya babu. Malam Jafaru 'ya mace ɗaya ya haifa a duniya, kuma kin san ko wace ce.

Na ji an sa ranar buɗe gidan a hukumance 27 ga Afrilu. Kafin ranar ina son kayan mahaifina: kyamara, fina-finai, hotuna, har kujerar da yake zaunar da mutane a kai. Gadonmu ne ni da Sha'aibu.

Ki huta lafiya.
Hajiya Zaituna Jafaru

*

Bukan Sidi, Lafiya
13 ga Maris, 2024

Yaya Zaituna,

Gaisuwa mai yawa. Ya azumi, ya zafi? Ya jikoki? Wallahi na ji ciwo da kika shigo Lafiya ban gan ki ba. Afra'u ba ta gaya mini ba, da na fasa zuwa Shabu na dafa miki doya.

Na karanta takardarki sau uku. Abeg ki bari in gaya miki yadda kayan suka zo hannuna, don ina ganin Sha'aibu bai ba ki labari duka ba. Kin san bayan Baba ya rasu na riƙe shagon shekara goma sha uku, har waya mai kyamara ta kashe mana kasuwa, na rufe na mayar da makulli gidanku. Shekara biyu da suka wuce ina wucewa a keke Napep na ga an buɗe ƙofa, ana fito da buhuna ana jibgewa bakin kwata. Wai za a ba mai cajin waya haya. Na sauka na buɗe buhu ɗaya, fim ne, gara ta ci rabi, ruwan sama ya manne sauran. Na ce da Sha'aibu, "Ina za ka kai wannan?" Ya ce, "Bola mana, Maman Vincent, wa ke buƙatarsu?" A bakin titi na zauna na yi kuka. Keke huɗu na cika.

Shekara biyu ina gogewa ɗaya bayan ɗaya da auduga. Ƙungiyar unguwa ta karɓi shagon da ɗakuna biyu na baya, wasu malamai daga Shabu suka taimaka da kwamfuta. Yanzu mutane suna kawo nasu kayan ma. Wata tsohuwa ta kawo tukunyar kakarta, wani maƙeri ya kawo fartanyar da ubansa ya ƙera.

Da kin ga abin da ke faruwa a nan. Ranar Litinin wani dattijo ɗan ƙabilar Eggon ya tsaya gaban hoton kasuwar doya, ya daɗe bai motsa ba. Ashe uwarsa ce a gefe da tire a kai. Ya ce tun da ta mutu yana ɗan shekara tara bai sake ganin fuskarta ba. Kujera na ba shi.

Maganar rubutun nan kuwa, mistek ne daga wurin mai firinta. Zan sa a gyara. Kar ki ɗauke kayan Baba saboda kalma ɗaya. Ki zo ranar buɗewa, ke za ki yanke ƙyalle.

Ki gaida Alhaji.
Taki,
Ngumimi

*

Kaduna
3 ga Afrilu, 2024

Ngumimi,

Na samu takardarki, lafiyarmu ƙalau. Da fatan kun yi Ista lafiya.

Jiya na sa Afra'u ta je ta ɗauko mini bangon a waya. Rubutun yana nan yadda na bar shi. Mako uku ke nan. Mai firintar nan a wace ƙasa yake?

Na gode da kika tsamo kayan daga bola, na kuma yi wa Sha'aibu faɗa har ya kashe waya. Amma kar ki ce mini kalma ɗaya ce. Ko a takardarki "Baba" kike ta cewa, sau nawa ban ƙirga ba. Naki baban yana nan a raina, Tyav mai lodin doya, maƙwabcinmu, mutumin kirki. Shi ya kawo ki shagon kina shekara goma sha huɗu. Ban taɓa zuwa na zauna a gurbinki a gidansa ba.

Bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kullum in na taso makaranta Inna takan ba ni kwanon abincin Baba in kai shago. Sai in tarar kun shige ɗakin wankin hoto kun rufe. Ina jin muryarsa yana cewa, "Ƙirga, Ngumimi, kar ki yi sauri," ke kuma kina ƙirgawa da yarenku na Tibi, shi yana kwaikwayonki, kuna ta dariya. In ƙwanƙwasa, ya ce, "Kar ki buɗe! Ajiye nan, koma gida ki yi karatu." Shekaru ina ajiye kwano a bakin ƙofar nan. Sau ɗaya na roƙe shi ya koya mini, ya ce ba aikina ba ne. A gida ban taɓa jin ya yi irin wannan dariyar ba.

Ranar da zai rasu ni ce a kansa a asibiti. Na baro aikina na jinya a Kaduna, kwana goma sha tara ina juya shi ina goge masa jiki. Ya buɗe ido ya dube ni, na sunkuya ina jiran abin da zai ce mini. Ya ce, "Ngumimi ta wanke na masu bikin nan?" Ita ce maganarsa ta ƙarshe da na gane.

Na haɗiye wannan shekara ashirin da takwas. Yanzu ina da shekara sittin, in zo garinmu in tarar an rubuta a bango abin da nake tsoro tun ina yarinya, yara kuma suna kwafa a littafi.

Sha'aibu ya sa hannu, ya yarda a kwashe kayan. Mota za ta zo ranar Asabar 20 ga wata. Ki haɗa kayan.

Wassalam.
Zaituna

*

Bukan Sidi
12 ga Afrilu, 2024

Yaya Zaituna,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita. Da fatan kun sha ruwa lafiya.

Ƙarya na yi miki. Babu mistek. Ni na rubuta da hannuna na kai wa mai firinta. Vincent ɗana ma ya gani ya ce, "Mama, wannan ba daidai ba ne." Na ce ya yi shiru. Yau da safe kafin kowa ya zo na ɓamɓare rubutun, yana cikin jakata.

Kin faɗi naki, bari in faɗi nawa, daga nan ki yi yadda kika ga dama.

Kina tsaye a waje kina jin dariya. Ni ina ciki ina jin ƙarar takalminki na makaranta. Kin san abin da ya sa bai bar ki kin shiga ba? Na taɓa tambayarsa. Ya ce, "Ruwan maganin nan yana cin hannu, yana kama ƙirji. Zaituna likita za ta zama." Ya faɗa yana murmushi, ni kuma hannuna biyu suna cikin ruwan. Bai ma lura ba. Har yau farcena baƙi ne, tarin kuma bai bar ni ba. In sakamakonki ya fito sai ya karanta wa duk kwastoman da ya shigo. Ni na daina makaranta a aji shida.

Shekara goma sha bakwai na yi da shi. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa hana ni abinci ba. Amma in baƙo ya tambaya wace ce wannan, sai ya ce, "Yarinyar shago ce." Har na yi aure na haifi Vincent, yarinyar shago ce. Hotuna goma sha ɗaya da kika ƙirga, gwajin fim ne. In ya sayo sabon fim daga Jos sai ya ce, "Tsaya can in gani." Ni ce a kusa, shi ke nan. Naki ba ya barin su a shago. Yakan ce fuskar iyalinsa ba ta kwana a kasuwa, a aljihu yake kai wa Inna. Babban hoton nan ma wani mai sayar da kyamara ne ya ɗauka don ya nuna mana tana aiki. Shi ya ce Oga ya dafa ni. Kin ga na ce Oga. Haka nake kiransa yana raye. Sai da ya mutu na fara cewa Baba, da babu mai gyara mini.

Akwai kuma ɗaki na uku, inda hotunan mata suke a cikin gidajensu: amare, masu jego, tsofaffi masu kaɗi. Namiji ba ya shiga waɗannan gidajen, kin fi ni sani. Ni yake aikawa da ƙaramar kyamara. Duka ni na ɗauka, sama da ɗari uku. A bayan kowanne hatiminsa ne, a bango ma sunansa na sa, don ban san yadda ake cewa nawa ne ba.

Ranar rasuwarsa kuna cikin ɗaki ku dangi, mutane suna shiga suna yi muku ta'aziyya. Ni ina tsakar gida ina wanke kwanuka tare da maƙwabta. Ba wanda ya ce mini sannu da haƙuri. Ban ga laifin kowa ba, ni ba 'yar gida ba ce. Maganar da ya yi a asibiti ban taɓa jin ta ba sai a takardarki. Aikin masu biki ya tambaya, Yaya, ba ni ba.

Da na zo rubuta abin da za a sa ƙasan hoton, na rubuta "da yarinyar shagonsa", na duba, na kasa. Na ce bango ɗaya ne, ke kina Kaduna, kina da sunansa a takardunki duka, ni ina da me? Na san sata ce. Na yi, kuma kullum in na buɗe ƙofa na gani sai in ji daɗi. Ki yafe mini in za ki iya.

Na fara haɗa kayan a kwali. Roƙona ɗaya, ki ce wa direba ya zo da leda babba, hadari ya fara haɗuwa, fim ba ya son ruwa.

Ki gaida Alhaji da yara.
Ngumimi

*

Kaduna
17 ga Afrilu, 2024

Maman Vincent,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ce wa direba kar ya zo. Ki kwance kwalayen.

Na so a ce takardarki ta wanke mini zuciya, amma ba ta wanke duka ba. Na karanta batun farcenki na yi kuka, ina gama kukan na ji har yanzu da za a ba ni zaɓi, da na ba da takardar jinyar nan a bar ni yini ɗaya a ɗakin tare da shi. Ke ma na san da kin karɓi takardar jinyar da gudu. Shi kuwa ya tafi bai san abin da ya bar mana ba. Allah ya jiƙansa.

Ga sharaɗina. Ɗaki na uku ki sauke sunansa ki sa naki, ba ya buƙatar aikin da bai yi ba. Ƙasan babban hoton a rubuta: "Malam Jafaru da Ngumimi Tyav, masu hoto." Kalmar 'yarsa kuwa tawa ce, ba zan raba da kowa ba, kar ki sake taɓa ta.

Zan zo ranar 27. Ba zan yanke ƙyalle ba, ke za ki yanke. Kuma ki shirya, Litinin zan kai ki a duba ƙirjin nan, ba na son musu.

Sai na zo.
Yayarki,
Zaituna