Kada a Maido Mai Jego Tukuna

Fatakwal.

Hajiya Rahmatu,

Assalamu alaikum. Yaya mutanen Kinkinau, yaya ƙafar taki? Yaya surukarmu Aziza da ɗan angon naki, yana shan nono dai ko?

Mu nan lafiya lau. Unguwarmu na bayan tashar jiragen ruwa, har na saba da ƙarar tankoki. Sai dai wata baƙar toka da ke sauka daga sama. Ran Juma'a na shanya farar rigata, kafin azahar ta koma ta mai sayar da gawayi. Tarin da nake yi kuwa na tsufa ne, ko da yake yaran maƙwabta ma suna yi, su da ba su tsufa ba.

Na ji an kusa arba'in. Don Allah ki je ki roƙi iyayen Aziza su ƙara riƙe ta da jaririn. Ɗanki Sharhabil har fenti ya yi wa ɗakinsu a nan, yana jiran dawowarsu. Na ce masa, "Ƙirjin jariri ba irin namu ba ne." Washegari da kansa ya miƙo min biro in rubuta miki.

Allah ya raya mana shi.

Maigidanki,
Malam Rabe