Ba Dariya Na Yi Ba

Talata da dare, Ajingi

Yau na je Kademi ta'aziyyar mahaifin aminina Sani. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit, sai ƙarar nan ta kuɓuce mini daga maƙogwaro har sau uku, kafaɗata tana zabura. Wanda ya ji zai rantse dariya ce.

Kawun Sani ya ce, "Ɗan gidan wa ne wannan marar kunya?" Wani dattijo ya ce, "Ku ƙyale shi, mutanen ɓoye ne a kansa." Na ce, "Baba, ba aljani ba ne! Larurar ƙwaƙwalwa ce, Tourette sunanta, da kaina na karanta." Ya ce, "Kun ji ko? Har sunan aljanin ya sani."

Na ciji leɓe har ya yi jini. Wa ya taɓa danne atishawa?

Nasu mai sauƙi ne. Sani da ya fi kowa sanin ciwona sunkuyar da kai kawai ya yi.

Jibi sadakar uku. In na je, in sake ɓata musu addu'a. In na ƙi, a ce da ma dariyar na yi. Ya Allah, shirun minti biyar kawai nake roƙo.