Wata Uku Ina Cewa Lafiya Lau

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Auta. Mama da sauƙi, ta fara cin abinci, amma har yanzu ta hana a taɓa ɗakin Auta.

Yaya, a saƙonka ka yi ta gode mini kan jinyar Auta da na yi. Akwai abin da ba ka sani ba. Ka tuna ƙarin ruwan da ake yi mata duk wata, wanda ya tashe ta daga keken guragu har ta koma shagon kitsonta. Tun farko likita ya ce a ciwonta sojojin jikinta ne ke cin rigar jijiyoyinta, maganin kuma rufe musu hanyar ƙwaƙwalwa yake yi. Ya ce sai dai su ne masu gadin wurin. Akwai wata ƙwayar cuta da ke kwance a jikin mutane da yawa, idan ta ga ba mai gadi tana iya tashi. Saboda haka kafin a sa ruwan nas kan tambaya ko mun ga wani sabon abu.

Na gani, Yaya. Ta fara bugun ƙofa da kafaɗar hagu, tana dariya tana cewa ƙofar ce ta matso. Tsagar kitsonta ta karkace. Ta nemi mataji ta ce a miƙo mata cokali. Na ji tsoron a tsayar da maganin ta koma keken, don ta taɓa ce mini gara komai da keken nan. Sai na riƙa riganta amsawa. Wata uku ina ce wa nas lafiya lau. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta, aka ga ƙwayar cutar nan ta tashi, likita ya ce da an sani da wuri an tsayar da maganin, wataƙila ta samu sauƙi, wataƙila a'a. Wataƙilar farkon nan ce ta hana ni sakat.

Yanzu mijinta ya ce zai kawo mini 'yarsu in riƙe, wai ba wanda ya yarda da shi kamar ni. Ranar Asabar zai zo. Ba zan karɓe ta ba sai na faɗa masa, ko da zai juya da ita. Ka yi mini addu'a bakina ya buɗe.

Ka gaida Anti, da 'yan biyu, da Kawu Dogo. Mama ba ta sani ba tukuna.

Ƙanwarka.