Yaya Nura, Mama ta tambayi ƙanƙarar bana

Zuwa ga yayana Nura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, a can ƙasar sanyi. Na rubuto maka a nan shafin intanet inda kowa zai gani, domin tun ranar da aka kai Mama makwancinta ka daina ɗaga wayata.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe? Kana zaune kan tabarma a gidanmu na Anguwan Rogo, Mama tana ɗura zoɓon sayarwa, kana yi mata bayanin aikinka. Ka ce taurarin ɗan'adam biyu ne ke bin juna a sama, suna auna nauyin ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙarshen duniya, kudu da arewa. Wata shekara dusar ƙanƙara ta zuba sosai, asarar ta yi sauƙi, wata shekarar kuma ta narke fiye da kima. Amma in an haɗa shekarun, raguwa take yi, ruwan yana gangarawa teku. Mama ta yi dariya har da tafi. Ta ce ita da ɗaga kular sanyaya zoɓo take gane ƙanƙararta ta narke, kai kuwa sai ka hau sama.

Bayan tafiyarka, duk wanda ya tsaya sayen zoɓo a Tina Junction sai ya ji labarinka. Maman Nanret mai gasa masara kusa da ita har ta haddace shi. Duk shekara sai Mama ta sa in karanta mata rahotonku a waya. Tambayarta ɗaya ce: "Bana ta ƙaru ko ta ragu?" In na ce ta ragu, sai ta ce Allah sarki mutanen bakin teku. Ita da ba ta taɓa ganin teku ba.

Da ciwo ya kwantar da ita, na so in gaya maka yadda ya yi tsanani. Ita ta hana. Ta ce kana tsakiyar haɗa awon bana, kada a ɗaga maka hankali. Na bi maganarta, kullum ina ce maka da sauƙi. Laifin nan nawa ne, Yaya. Ni na hana ka ganinta.

Ranar Larabar ƙarshe a asibiti ta sake tambayata. Rahoton bai ma fito ba. Na ce mata ta ƙaru. Ta yi murmushi, ta ce to alhamdulillahi, yanzu Nura zai samu ya zo gida. Washegari da hantsi ta cika.

Makon jiya rahoton ya fito. Na ga sunanka a ciki, na kasa karanta sauran.

Ban ce ka yafe mini yau ba. Ka dai zo, Kawu zai kai ka kabarinta. Daga nan ka dawo gida ka yi mini faɗa ido da ido, zan zauna in saurara. Kai kaɗai ka rage mini.

Allah Ya jiƙan Mama, Ya haskaka makwancinta, Ya sanyaya zuciyarka a kaina.

Taka ƙanwa,
Hadiza