Yaya Binta da Gwaggon Biri

Asabar da dare, Tudun Wada

Ƙafafuna ciwo suke, amma raina fes. Tun da Yaya Binta ta fita takaba ko unguwar Kwangila ba ta leƙa ba, da ƙyar na lallashe ta ta bi mu gandun daji yau. Har muka gama hawan dutse tana tafe can baya ita kaɗai, na fara nadamar taso ta.

Mun zauna cin abinci ke nan, sai wani gwaggon biri ya fizge mata ƙullin dambun nama. Ta ce, "Bawan Allah, ai da ka roƙa!" Sai ta fashe da dariya.

A mota ta ce, "Hadiza, da marigayi na nan, da ya so wurin nan." Yau ne ta fara ambatonsa ba kuka. Alhamdu lillahi.